Godiya ga su masor da suka riƙe Innarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa da Marwa da duk wanda ya kira ko ya turo saƙo. Alhamdulillahi Inna ta dawo gida, ƙafar na cikin filasta amma tana cin abinci har ta fara yi mana faɗa, kun ga sauƙi ya samu kenan.

Wanda bai ji ba, motarmu ce ta zame cikin ruwan Agusta a hanyar Garwa zuwa Marwa, da magariba, ga mayo, wato kogi, ya cika ba mai wucewa. Mutanen ƙauye ne suka ɗauki Inna a kan babur suka kai mu gidan su masor, wato matan Katolika ɗin nan da ba sa aure, masu zaman ibada a gida ɗaya. Allah ya saka wa samarin nan, ko sunansu ban samu tambaya ba.

Wallahi da aka ce nan za mu kwana gabana ya faɗi, ni da hijabina da tsohuwa mai carbi. Masor mai kula da ƙofa ba ta tambaye mu daga ina ba balle addini, ta dai ce sannu Mama da Fulatanci, ta kira wata da ta yi aikin jinya kafin ta shiga, aka ɗaure ƙafar da katako aka ba ta maganin ciwo. Da na fito neman ruwan alwala sai na tarar an ajiye buta da tabarma a bakin ɗakin baƙi, kuma ita ce ta nuna min gabas da hannunta. Tuwon dawa da miyar kuka suka kawo, ta ce in ci hankali kwance, sun san abin da ba ma ci.

A unguwa ana cewa matan nan an kulle su ne ba abin da suke tsinanawa. To ni dai na gani da idona. Tun kafin kiran asuba ƙararrawarsu ke kaɗawa, su shiga coci, kuma haka za su yi ta komawa safe da hantsi da rana da yamma har dare, suna rera Zabura, surori 150 suke bi har su sauke su sake ɗauka. Tsakanin addu'a da addu'a kowa da aikinta, wata tana lambu tana ban ruwan latas da tumatir, wata na wurin kaji, wasu na ɗinkin kayan coci da yin kyandir, wasu na dafa folere, wato zoɓo, suna zubawa a kwalba don sayarwa, da shi suke ci da kansu. Ba wadda take da ko dala tata ta kanta, komai na gida ne. Bayan addu'ar dare kuwa shiru har safiya, ba hira ba waya, ni da bakina ba ya hutawa abin ya ba ni wuya sosai. Amma duk da shirun nan, da Inna ta yi nishi cikin dare sai ga mai jinyar da tocila.

Na tambayi babbarsu me ya sa suka yi mana haka. Ta ce ƙa'idar zama irin nasu tsohuwa ce, wani bawan Allah Benedikt ya rubuta ta a Italiya tun ƙarni na 6, addu'a da aikin hannu, kuma baƙo in ya ƙwanƙwasa a karɓe shi kamar Almasihu ne ya zo. Ta ce shiga ma ba ta gaggawa ba ce, tun 2018 dokar Roma ta ce sai yarinya ta yi aƙalla shekara 9 ana gwada ta kafin alkawarin har abada, kafin nan in ta ga ba za ta iya ba ta koma gidansu. Shekara 9 fa! Mu nan wata uku an sa rana an ɗaura. Su Baba kan ce tun zuwan su Monsinyor Plumey, limamin Katolika ɗan Faransa, arewacin Kamaru a 1946 ake zaune da 'yan mishan, amma ni sai yanzu na shiga cikin gidansu.

Da ruwa ya janye Yaya ya zo da mota, ya ciro kuɗi ya miƙa, suka ƙi ƙememe, suka ce a kai asibiti. Dole sai folere da ƙwai ya saya, shi ma sai da suka ƙara mana gyara.

Masor, mun gode, mun gode ƙwarai, Allah ya biya ku ya ba ku lafiya ya tsare gidanku. Na san ba kwa hawa Facebook, wanda ke kusa da ku ya isar. Godiya ga likitocin da suka ɗora ƙafar, da Gwaggo da ta riƙe min yara, da matan adashinmu da suka haɗa jaka goma ba tare da na roƙa ba.

Masu son duba Inna ku zo bayan la'asar, da safe barci take yi. A ci gaba da sa ta a addu'a, wata mai zuwa za a cire filastar in sha Allah.