Litinin, 24 ga Yuni 2024, Edmonton

Na kasa cin abincin dare. Florida 2, ƙungiyar garinmu Edmonton Oilers 1, a wasa na bakwai kuma na ƙarshe na neman kofin hoki ta ƙanƙara. Kofin Stanley ya sake zama a Amurka. Tun 1993 rabon wata ƙungiyar Kanada da shi.

Tun da safe gari ya rine da shuɗi da ruwan lemo, yara da manya kowa da riga mai lamba 97, lambar Connor McDavid, tauraron Oilers. A Florida aka buga, ni kuwa na kalla a falon dattijon maƙwabcina da nake kira Baba. Shi ya koya mini hoki ta ƙanƙara a hunturuna na farko a nan, lokacin da idona ma bai iya bin ɗan baƙin faifan ba. Yau tsohuwar rigarsa ya ciro, mai lamba 99, wuyanta duk ya tsattsage.

A hutun zango na farko, muna kunnen doki ɗaya da ɗaya, ya sake ba ni labarin da na ji ya fi sau goma, kuma ban gaji ba. Oilers ta shiga NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, a 1979, ta ɗauki kofi a 1984, 1985, 1987 da 1988. Sai a watan Agustan 1988 aka sayar da Wayne Gretzky, tauraronsu mai lamba 99, ga Los Angeles. Baba ya ce ranar kamar an yi rasuwa a kowane gida. Sun ƙara ɗaya a 1990, daga nan taurari suka watse ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin gari ba ya iya biyan abin da manyan biranen Amurka ke biya. Bayan sun faɗi a wasan ƙarshe na 2006, shekara goma cur ba su ko shiga zagayen kofi ba. Duk wannan lokacin bai daina kallo ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka zo nan. An ɗauko Leon Draisaitl a 2014, McDavid a 2015, aka yi ta gini a hankali. Kakar bana ma da ƙafar hagu suka fara, har aka sallami koci a Nuwamba. A wannan karon Florida ta ci uku a jere, kowa ya fid da rai, sai yaran suka rama uku. Ni dai na sa rai ƙwarai.

Sam Reinhart ya jefa wa Florida ta biyu a zango na biyu. A na uku 'yan Oilers sun yi ta kai hari har ƙarfinsu ya ƙare, ana ganin gajiya a ƙafafunsu.

Da aka busa, Baba ya kashe talabijin, bai tsaya jin an ba McDavid kyautar gwarzon zagayen ba. Na ce, "Baba, sai haƙuri." Ya dafa kafaɗata, ya ce in zo a Oktoba idan an fara sabuwar kaka, kujerata tana nan. Na fito rana ba ta faɗi ba tukuna, yara biyu na wasa da sandunan hoki a kan kwalta.