Pho da kuy teav: a fara da romo kafin a taɓa kwalbar barkono

A gidan abincin da ke haɗa girkin Biyetnam da na Kambodiya, kwanukan sukan yi kama da juna a ido: taliyar shinkafa, nama, romo mai tururi, ga farantin ganye a gefe. Bambancin yana cikin tukunya. Don haka da an ajiye maka kwano, ka kai cokali ɗaya na romo baki tun kafin ka matsa lemun tsami. A nan ake gane ko mai girkin ya yi haƙuri ko ya yi gaggawa.

Pho, wanda ake furtawa kusan "fa", ya fito daga arewacin Biyetnam, yankin Nam Dinh da Hanoi, a farkon ƙarni na 20. Da aka raba ƙasar a 1954, 'yan arewa suka gangara da shi Saigon a kudu, inda aka ƙara masa zaƙi da tarin ganye. Bayan 1975 'yan gudun hijira suka kai shi Amurka, Faransa da Ostireliya, shi ya sa mafi yawan wanda ake samu a waje na kudu ne.

Romonsa na ƙashin sa ne. Ga ƙashi kilo 2, musamman mai ɓargo da na gwiwa, ruwa lita 5 ya isa. Ana fara tafasa ƙashin minti 10, a zubar da ruwan gaba ɗaya, a wanke ƙashin da tukunyar, sannan a ɗora sabon ruwa. Wanda ya tsallake wannan mataki zai sami romo mai duhu da ƙarni. Albasa da citta ana gasa su a kan wuta har bawon ya yi baƙi, a kankare, a jefa. Sai a rage wuta sosai, ruwan yana ɗan motsi kawai, na awa 6 ko fiye, ana kwashe kumfa. Idan aka bari ya tafasa da ƙarfi, kitse ya narke cikin ruwan, romon ya gurɓace, kuma babu gyara. Kirfa, kanumfari da ɗan ƙamshin nan mai siffar tauraro ana ɗan soya su ba mai, a ƙulle a ƙyalle, a sa su a awar ƙarshe. In suka daɗe, ɗaci ke biyo baya, romon ya koma kamar magani. Gishirinsa kuwa daga tsimammen ruwan kifi yake, wanda suke kira nuoc mam, da ɗan dunƙulen sukari.

Romo mai kyau kana hango taliya a ƙasansa, ɗigon mai yana yawo a sama kamar ƙananan idanu. In ka nemi pho tai, ɗanyen nama ne aka yanka siriri, zafin romon ke dafa shi a gabanka. Ka tura shi ƙasa nan take. Tsiron wake mai sanyi kuma a zuba kaɗan-kaɗan, domin tuli guda yana kashe zafin, naman ya tsaya ja. Baƙar miyar waken soya mai zaƙi da ake kira hoisin da ta barkono, a ganina, wurinsu ɗan faranti ne a tsoma nama. Tsiyaya su a kwano ɓata aikin yini guda ne.

Kuy teav na Kambodiya abincin safe ne, sunansa daga Sinawa masu yaren Teochew ya samo asali. Taliyarsa ta fi siriri, romon ba shi da kirfa, zaƙinsa daga ƙashi, busasshen jatan lande, busasshiyar dabbar teku mai yatsu da farin tushen radish mai siffar karas yake fitowa. Abin da ke ɗaga shi soyayyar tafarnuwa ce da man da aka soya ta. In tafarnuwar ta wuce launin zinare, kwanon duka ya yi ɗaci. Ana iya kawo shi a bushe, romo a kofi daban. Idan ka ga hu tieu Nam Vang a jerin abinci, ɗan'uwansa ne, Nam Vang sunan Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, ne a bakin mutanen Biyetnam.

Wanda ba ya cin alade ya lura: kuy teav da hu tieu bisa al'ada da ƙashin alade ake dafa su, ko da jatan lande kawai aka ɗora a sama. Bun bo Hue, wani romon taliya na Biyetnam mai yaji da ciyawar lemun tsami, sunansa na naman sa ne, amma sau da yawa akwai ƙafar alade da dasƙararren jini a ciki. Kada ka tsaya ga tambayar wane nama ne, ka tambayi wane ƙashi aka dafa romon da shi. Akwai kuma pho na kaza, wanda ake kira pho ga. Num banh chok na Kambodiya kuma miyar kifi ce mai kurkur da ciyawar lemun tsami, ana zuba ta kan taliyar shinkafa da aka tsima, da kokwamba da furen ayaba.

Taliyar shinkafa ba ta jira. Minti 10 a romo mai zafi ta kumbura ta fara gutsurewa. In za a tafi da shi gida, a nemi a raba romo da taliya, a sake tafasa romon sosai kafin a haɗa.