Hanya ɗaya da za ta riƙe maka babi huɗu na tarihi

Ɗaliban Garwa da Marwa na arewacin Kamaru da na Njamena a Chadi sukan haddace fatauci, hare-hare, mulkin mallaka da ƙaura kowanne shi kaɗai, shi ya sa shekaru ke cakuɗe musu ranar jarrabawa. Gara ka sami farar takarda ka zana hanya ɗaya: daga Kano zuwa Kukawa, ta sauko Dikwa da Kusiri, ta miƙe gabas har Darfur. Duk abin da ka karanta, rataye shi a jikinta.

Fara da kayan fatake: rinannun tufafin Kano, kanwar Tafkin Chadi, hauren giwar Adamawa, da bayi. Kada ka tsallake bayin don kunya. Inda ayari ke bi, nan mai hari ke kwanto. Rabeh, mayaƙin da ya fito daga Sudan, ya ci Borno a 1893, ya zauna Dikwa, Faransawa suka kashe shi a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900. Kwamandansu Lamy ma a nan ya faɗi, aka sa sunansa wa garin tsallaken kogi, Fort-Lamy, wanda ya koma Njamena a 1973. In tambaya ta kai ka Turai, 'yan Viking, maharan teku daga arewacin Turai, sun washe tsibirin Lindisfarne na Ingila a 793, amma 'yan kasuwa ne su ma, kuma a 911 aka ba su ƙasar da ta zama Normandi a Faransa.

Inda aka fi zamewa shi ne 1884. A shekarar Jamusawa da sarakunan Duwala na kudancin Kamaru suka ƙulla yarjejeniya a bakin teku kawai. Garwa ba ta shiga hannu ba sai 1901, Marwa 1902. Wanda ya rubuta an ci arewacin Kamaru a 1884 ya zubar da makinsa. Haka 1916 da 1922: ta farko ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya ce a Kamaru, lokacin da sojojin Jamus na dutsen Mora suka miƙa wuya a Fabrairu, ta biyu kuwa shekarar da Ƙungiyar Ƙasashe, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ta tabbatar wa Faransa da Ingila riƙon amanar Kamaru.

A babin ƙaura, raba wanda ya tashi da niyyarsa da wanda aka ɗauke. Maniyyata sun bi wannan hanya a ƙafa shekara da shekaru, wasu suka yada zango a Chadi ba su ƙarasa ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, wasu mabiyansa suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. Mutanen Sara na kudancin Chadi kuwa kwashe su aka yi aikin tilas na layin dogon Kwango, wanda aka gina daga 1921 zuwa 1934.