Bayan ƙarfe 4, a hannun wa 'yarki take?

Duk uwar da ke fita aiki a Legas ta san ciwon kan da ke tsakanin tashin makaranta da dawowarta gida. Yara su tashi ƙarfe 2, ni kuwa asibitin da nake aikin jinya a Ikeja ba ya sakina kafin 5. Tun da aka hana acaba a Ikeja a 2022 babu sauran dabarar kutsawa cikin gosulo, sai dai ki zauna a danfo kina kallon agogo. Jirgin ƙasan Red Line da ya fara jigila a 2024 yana tsayawa a Agege, inda muke zaune, amma ba kullum lokacinsa ke dacewa da tashina ba. Baban yara kuwa tun kafin asuba yake kasuwar Mile 12 yana jiran motocin tumatir da albasa daga Arewa. Da a Zariya ne sai in ce a wuce da ita wurin kakarta. Nan babu kaka, babu goggo.

Shi ya sa na biya kuɗin lesin a makarantar 'yata mai shekara 5: a karɓe ta 6:30 na safe, a riƙe ta har 6 na yamma. Mai makarantar ta zagaya da ni da hantsi, ajujuwa tas, kowane da antinsa, takardar amincewar gwamnati a rataye a bango.

Wata Alhamis cikin damina na iso dab da magariba, jikina sharkaf. Maigadi ya dube ni ya ce, cikin buroka, ai ɗan'uwanmu ya tafi da ita tun ɗazu. Na ce wane ɗan'uwa? Ya ce wani mutuminku mai babur, ya yi mata Hausa ta amsa. Iyakar hujjarsa ke nan. Bai tambayi sunansa ba, bai kira ni ba, bai rubuta komai ba. A Agege, inda Hausawa suka fi a ƙirga, duk wanda ya iya cewa "zo mu tafi" ya zama kawun 'yata.

Ba na son tuna yadda na bi layi-layi ina tambaya, ko muryar babanta a waya yana cewa in nutsu alhali shi ma muryarsa rawa take. Sai bayan isha'i muka same ta a ɗakin maƙwabciyarmu, tana barci da rigar makaranta a jiƙe. Ashe ɗan acabar da ke ɗauko ɗan maƙwabciyar ne. 'Yata ta ga abokin wasanta zai tafi ta sa kuka, bawan Allah ya ji tausayi ya ɗora su biyu, babu hular kwano, ya tsallako da su ta Pen Cinema cikin ruwan sama. Wayar maƙwabciyar a mace, ba a kawo wuta ba. Da na gan shi na ce, "Malam, Allah ya saka da alheri, amma don girman Allah kar ka sake." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ban ga wani babba a wurin ba, shi ya sa."

Wannan maganar tasa ce ta hana ni barci. Washegari na nemi izini a wurin aiki na je makarantar ƙarfe 5 ba tare da na sanar ba.

Malamai duk sun watse tun 4. Abin da ya rage mai shara ce guda da maigadi, sai yara sun haura 30 a aji ɗaya, daga 'yan nazare har 'yan aji 6. An kunna musu katun, janareta na ta ƙara a gindin taga. Manya na tsalle a kan benci, wani ƙarami na barci a ƙasa da jakarsa a baya. Banɗaki a kulle, wai an riga an wanke, kar a sake ɓatawa. Sai a lokacin na gane dalilin da 'yata ke shigowa gida da gudu kullum ta wuce bayi ko takalmi ba ta cire ba, da dalilin da gorar ruwanta ke dawowa a cike. Yarinya ta koya wa kanta ƙin shan ruwa don kada fitsari ya matse ta. Ni da nake wuni ina yi wa marasa lafiya wa'azin shan ruwa, wannan ya fi min komai ciwo.

Mai sharar ban ga laifinta ba. Ta ce min ba a ƙara mata ko sisi a kan zaman, kuma ita ma nata yaran na jiranta a gida. Kuɗin lesin da muke biya a ofis yake tsayawa. Da na tunkari mai makarantar, amsarta ita ce tunda an ga yarinya lafiya, mene ne na tada hankali. Lafiyar nan fa sa'a ce kawai, don mai babur ɗin ya kasance mutumin kirki. Da wani ne ya yi mata Hausar, ƙofar haka za ta buɗe masa.

Jihar Legas tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007, a 2016 kuma ta fito da tsarin kariyar yara da ya shafi makarantu, akwai ma ofishin duba ingancin ilimi da ke sa ido a kan masu zaman kansu. Na ambata mata wannan, nan take harshenta ya yi laushi, ta ce za a sayi littafin rajista. Amma takardar da ke bango ba za ta faɗa miki wanda ke cikin aji ƙarfe 5:30 ba. Sai kin je da ƙafarki.

Don haka 'yar'uwa, kar ki yarda da zagayen hantsi. Ki je musu ba sanarwa da yamma lis, ki ƙirga manya ki ƙirga yara, ki taɓa ƙofar banɗaki ki ji ko a buɗe take. Ki tambayi wanda ke riƙe da wayar wurin, da ko akwai kati a ciki. Ki leƙa da sassafe ma, don sau da yawa maigadin nan ne kaɗai ke karɓar yara kafin malamai su iso. Sama da duka, ki sa a rubuta sunan wanda zai ɗauki ɗanki da lambarsa da hotonsa, ki faɗa musu baki da baki cewa jin Hausa ba shaidar dangantaka ba ce. Har yau in na tuna "ya yi mata Hausa ta amsa" sai in ji zuciyata ta tafasa.

Na cire ta daga lesin ɗin. Yanzu wata dattijuwa, tsohuwar malamar firamare, ke riƙe ta a bayan layinmu, tare da mataimaka biyu da yara da ba su kai 15 ba. Suna cin abin da aka zubo musu a kula, su yi la'asar, sannan a raka su Islamiyya a ƙafa. Kuɗin ya fi na da, ga tsadar mota tun cire tallafin mai a 2023, dole muka rage wani abu a cefane. Duk da haka ban saki jiki ba sai da na gwada ta. Na tura ƙanena, wanda ba ya cikin rajista, ya je ɗauko yarinyar. 'Yata ta ruga ta rungume shi tana "Kawu, Kawu", amma Mama ta tare ƙofa ta ce ya dakata. Ta kira ni ina tsakiyar ba da magani, ta sa na faɗi sunansa da kamanninsa kafin ta sake ta. Ya dawo yana mita wai an mai da shi ɓarawon yara, ni kuwa a ranar na biya ta kuɗin zango mai zuwa gaba ɗaya.