Jaridar da ta horar da masu ɗab'i a Kumasi

Ƙaramar maɗaba'a gare ni a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana: injin bugawa ɗaya, na yankan takarda ɗaya, kwamfuta biyu, sai yaran da ke koyon aiki. Katin aure muke bugawa, da katin suna, da fostar addu'ar arba'in, da rasit na 'yan kasuwar Kejetia, da kalandar makarantun Islamiyya. Ba mu taɓa buga jarida ba, amma duk abin da na iya a sana'ar nan daga jarida ya fito, domin maigidan da ya koya mini, Allah ya jiƙansa, a ɗakin jera haruffan jaridar Ashanti Pioneer ya yi ƙuruciyarsa.

John Wallace Tsiboe da matarsa Nancy ne suka kafa jaridar a 1939, ana buga ta a maɗaba'arsu mai suna Abura a nan Kumasi. Ta girmi Daily Graphic da shekara 11, domin sai a 1950 aka fara Graphic a Accra. Jarida ce ta kullum, ta 'yan ƙasa, kuma nesa da babban birni. Wanda ya san wahalar fitar da katin aure ɗari biyu a kan lokaci shi zai gane nauyin wannan.

Baba, haka muke kiran maigidana, ya ajiye akwatin haruffan dalma har ƙarshen rayuwarsa. Kowane harafi da gurbinsa. Yakan ɗebo su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya duba ba, ya jera a bai-bai a cikin ɗan ƙarfen da ke hannunsa na hagu, ya cike tsakanin kalmomi da siraran dalma har layi ya matse. In layi bai matse ba, da an ɗaga shafi sai haruffa su zube, aikin awa guda ya tafi. Yana karanta rubutu a juye kamar yadda muke karanta shi a miƙe. Kuma bayan an gama bugu dole a wanke tawada, a mayar da kowane harafi gidansa, domin gobe ma da su za a yi aiki.

Mu mutanen Zango muna da alaƙa da jaridar nan fiye da yadda matasanmu suka sani. Ta goyi bayan jam'iyyar NLM da aka kafa a Kumasi a 1954, kuma jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ke da ƙarfi a Zango, tana gefe ɗaya da NLM wajen adawa da jam'iyyar CPP mai mulki ta Kwame Nkrumah. A 1957 gwamnati ta kori jagororin MAP biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, daga ƙasar zuwa Najeriya. A irin wannan lokaci, samun jarida a garinku wadda ba ta gwamnati ba, babban abu ne ƙwarai.

Ta kuwa ɗanɗana kuɗarta. A 1960 aka sa mata mai tace labarai, a 1962 aka rufe ta. Maigidana Baba yakan ce tacewar ta fi cin ran masu jera haruffa, domin an gama ɗaure shafi tsaf, sai a ce a cire wani labari. A kwance shafin, a nemi abin cike gurbi, a sake ɗaurewa, ga dare yana tafiya, ga masu talla za su zo da asuba. Sai bayan juyin mulkin 1966 ta dawo, daga baya aka san ta da The Pioneer kawai.

Yau ba ka ganinta a teburin mai sayar da jarida. A ganina, ba siyasa kaɗai ta kai ta ƙasa ba. Takardar jarida daga waje ake shigo da ita, duk lokacin da sidi, kuɗin Ghana, ta faɗi farashinta ya tashi, abin da ni ma yake cin ribata har yanzu. Manyan masu talla suna Accra. Sannan gidajen rediyon FM suka zo suna karanta wa mutane kanun labarai da Turanci da Twi tun da safe, ba ko kwabo.

Abin da ya fi damuna shi ne horon da ya tafi da ita. Yaro yanzu yana iya tsara fosta mai kyau a kwamfuta cikin minti kaɗan, amma ya rubuta sunan mamaci ba daidai ba, bai lura ba. Shi ya sa na riƙe ƙa'idar Baba: ba a kai aiki kan inji sai mutum biyu sun zauna, ɗaya yana karanta rubutun mai aiki da ƙarfi, ɗaya yana bin gwajin da alƙalami, har lambar waya da kwanan wata. In aikin da Larabci ne, kamar addu'a ko aya, sai an kai wa malami ya duba ya sa hannu. Wasu masu kawo aiki suna ƙorafin muna jan lokaci, na kuwa gwammace su yi ƙorafin.

Ina neman tsofaffin kofe na Pioneer, musamman na 1957, domin in nuna wa yarana aikin da aka yi da hannu. Duk wanda ke da su a akwatin kakansa, ya taimaka ya kawo mini shago in ɗauki hotonsu, in mayar masa da kayansa.