Sarƙar wuya daga tsohuwar kalanda

Takardar kalanda mai sheƙi ita ta fi dacewa da wannan aiki, domin tana da kauri kuma launinta ba ya zuba idan gam ya taɓa ta. Takardar jarida kuwa laushi gare ta, yagewa take yi.

Ku samu rula, almakashi, farin gam, tsinken sakace da zaren kamun kifi. A yanka takardar ta yi siffar mashi: gindi santimita 2, tsawo santimita 28, ta tsuke har zuwa tsini; kowane yanki za a naɗe shi ya zama dutsen sarƙa ɗaya. Idan ku uku ne ko huɗu, mutum ɗaya ya riƙe yanka shi kaɗai, in ba haka ba duwatsun za su fito wani babba wani ƙarami.

Naɗi ake farawa daga gindi, a kan tsinken. Nan ne mafi yawa suke kuskure: kada a sa gam a zagayen farko, sai an kusa tsini. In aka sa da wuri, dutsen zai manne da tsinken, ba ya fita sai an lalata shi. A ja takardar da ƙarfi daidai, tsinin ya sauka a tsakiya.

Daga nan a shafa jan farce marar launi sau biyu, a bari ya bushe tsakani. Lokacin hunturu a shanya cikin ɗaki, don ƙura tana mannewa.

Duwatsu 18, da ƙananan duwatsun tsakiya a tsakaninsu, idan an zura su a zaren kamun kifin, sun isa sarƙa mai santimita 45.