Yadda muka raba Takobi tsakanin jaruman fim a fadarmu

Da an gama kokowar Takobi, gasar kokowar gargajiya ta ƙasar Nijar da ake rataya wa zakaranta takobi, fadarmu ta nan Maradi takan yi sanyi, a sha shayi babu abin musu. Shi ya sa na kawo shawarar mu shirya tamu gasar: mu tattaro ƴan wasan da babu su sai a fim da tele, mu auna su, mu ga wa ya isa a rataya masa takobi. Sharaɗi ɗaya na kafa, kada a kawo mutumin gaske. Nan take fim ɗin Dangal ya fita, domin Mahavir Singh Phogat da ƴaƴansa mata mutane ne da suka yi kokowa da gaske a Indiya. Wanda ya kawo shi ya yi fushi har ya ƙi karɓar shayi na biyu.

Abu na farko da na gane shi ne ba a auna su da abin da suka yi a filin wasa. Yaran da suka taso da Olive et Tom, shirin zane na ƙwallon ƙafa wanda Japanawa ke kira Captain Tsubasa, sun zo da hujjarsu: Tsubasa, ɗan wasan da ke buga ƙwallo ta yaga raga. Haka ne, amma a filin nasu mutum sai ya yi ta gudu har a gama shiri bai hango gola ba. Idan wannan ne ma'auni, mai zanen ya kamata a ba takobi. Ivan Drago, ɗan damben Rocky IV, fim ɗin 1985, shi ma haka aka yi da shi. Ya kashe Apollo Creed a cikin fili, amma ƙarfin nasa na allura ne da na'urori, kuma ba ka san gidansu ba, ba ka san abin da ke hana shi barci ba. Muka sallame su duka biyu a daren farko.

Saura Sultan da Rocky Balboa, kuma a nan fada ta rabu.

Sultan yana da jama'a. Fim ɗin Salman Khan ne na 2016, kusan kowa ya kalle shi da fassarar Hausa, kuma kokowa ce a cikin ƙasa, irin wadda ido ya saba da ita. Ɗan Haryana ne da ya shiga kokowa saboda mace, ya hau har ya ci zinare a gasar Olamfik, girman kai ya kama shi. Yana can neman suna aka haifa masa ɗa, jaririn ya rasu don ba a sami irin jininsa ba, alhali jinin uban ne zai yi masa. Matar ta juya masa baya. Masu goyon bayansa suka ce wannan shi ne ɗan kokowa: mun sha ganin wanda kirari ya hau masa kai har ya manta da garinsu. Ban musa ba. Wurin da ya tsaya gaban madubi yana kallon tumbin da ya ajiye, yana kuka, ya fi duk kayen da ya yi a fim ɗin. Inda na rabu da su shi ne ƙarshe, domin tun kafin a soma dambensa na ƙarshe ka san wanda za a ɗaga wa hannu.

Ni Rocky na riƙe, kuma na 1976 kaɗai, wanda Sylvester Stallone ya rubuta da hannunsa. Mutum ne mai karɓo wa wani bashi a unguwannin Filadelfiya, yana dambe don ƴan kuɗin abinci. Da asuba ya fasa ɗanyen ƙwai a kofi ya kwankwaɗe, ya fita gudu cikin sanyi, ranar farko ya kai saman matakala yana haki, riƙe da ciki. A ɗakin sanyin mahauta yake naushin naman shanu. Daren jajibirin wasa ya faɗa wa budurwarsa Adrian cewa ya san ba zai iya cin Apollo Creed, zakaran duniya da ya ba shi damar karawa da shi ba, burinsa dai a buga ƙararrawar ƙarshe yana tsaye. Aka yi turmi 15, alƙalai suka ba Apollo. Jarumin fim ya sha kaye a fim ɗinsa, kuma fim ɗin ya ci kyautar Oscar.

Akwai wani dattijo da ke zama gefenmu, ya ga zamanin Kantu, wanda ya kawo wa Maradi takobin farko daga Tawa a 1975, wanda filin kokowarmu ke ɗauke da sunansa. Na ce, "Baba, kai ne alƙali." Ya ce, "Yaro, a Takobi ƴan kokowa 80 ne, goma daga kowace jiha. Da ka faɗi sau ɗaya, takobi ya wuce ka sai baɗi. Wannan naka da ake bugewa ya tashi, a sake bugewa ya tashi, a filinmu tun da hantsi ya koma gida." Fada ta kwashe da dariya, ƴan Sultan suka soma tafi. Sai ya ɗaga hannu ya ƙara da cewa 79 ne ke komawa hannu wofi kowace shekara, kuma a cikinsu akwai waɗanda har yau ake ba da labarin yadda suka wahalar da zakara kafin su faɗi. Bai ce ga wanda ya zaɓa ba, ya miƙa kofi a ƙara masa.

Daga nan na sauya tambayar da nake yi wa kowane jarumi. Na daina cewa wa ya kayar, na koma cewa idan aka cire wasan ƙarshe daga fim ɗin, me ya rage masa? Tsubasa ba ya da komai sai ƙwallo. Sultan yana da kabarin ɗansa da matar da ta ƙi kallonsa. Rocky yana da kunkurunsa biyu da tsoron da ya furta da bakinsa. Na kuma gane cewa abokin karawa rabin jarumi ne: ba don Carl Weathers ya yi Apollo mai baki da iya taku ba, da tsayuwar Rocky ba ta zama abin faɗi ba.

Da aka ɗaga hannu, Sultan ne ya ci da rata mai yawa. Takobin kwali muka yanka muka manna a hotonsa jikin bangon mai shayi. Ƴan Dangal kuwa sun ce sai an sake gasar masu horarwa, sun riga sun soma neman mai tsaya wa Kabir Khan na Chak De India su kara da shi.